Ranar da Muka Kai 'Ya'yan Tarwaɗa Yola da Ransu

Ku da kuke zama a bencin mai shayi kuna cewa aikina ba aiki ba ne, wai cika tanki ne kawai a taka mota, to ku matso ku ji. Sunana Nazifi, a gareji Ba-Zama ake ce mini, kuma ba sharri aka yi mini ba. A aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye biro. Na yi cajin waya a bakin titin Gidan Zu, na yi wankin mota, na yi kwandasta, na ja adaidaita sahu wata bakwai. Duk wanda na kama, in na yi 'yan watanni sai in ji kamar an sa mini ƙaya a kujera. Aiki ɗaya ne ya riƙe ni, shi ne shirya mota da direbobi don tafiyar da ba a tsayawa. In an tashi daga Kano, sai inda za a sauke kaya.

Aikin farko da Oga Hamisu ya ba ni a garejinsa na Gyaɗi-Gyaɗi sauraron taya ne. Ya ɗaga bas da jak, ya juya tayar gaba da hannu, ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya ce in kafa kunnena a mariƙin.

Na ce, "Oga, ni fa ban ji komai ba."

Ya ce, "To zauna har ka ji."

Kwana huɗu ina wannan abu, 'yan gareji suna ta yi mini dariya, wai na zama likitan taya. Rana ta biyar na ji wani ɗan sauti kamar ana juya yashi a kwano. Boris ne ya fara ci, wato ƙwallayen ƙarfen nan da taya take juyawa a kansu. A cikin gari wannan boris ɗin zai yi wata biyu bai ba ka kunya ba. A doguwar hanya, awa shida kawai yake buƙata ya yi ja ya kama. Oga ya ce, "Yawwa. Motar cikin gari ana gyara abin da ya lalace. Motar da ba ta tsayawa ana gyara abin da yake niyyar lalacewa." Daga ranar na daina leƙen titi ina tunanin wata sana'ar.

Babbar kwastomarmu Maman Tunde ce, Bayarabiya, Kirista, ta fi shekara talatin a Daurawa, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibi. A bayan gidanta take da tankunan siminti inda take ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa, 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa, masu gidan gona su saya su rene su. Ita ta koya mini rabin aikin. Kifin nan ana hana shi abinci kwana ɗaya cur kafin tafiya, don kada ya ɓata ruwan da yake ciki. Ana zuba shi a jarkokin da aka yanke wa kafaɗa, ruwa bai kai rabi ba, a ɗiga manja kaɗan don kada kumfa ta rufe saman. Jarkar da ta taɓa ganin fetur, ko sau goma ka wanke ta, ba ta shiga. Sannan ga babban abin: muddin mota tana tafiya, ruwan yana kaɗawa, iska tana shiga, kifi yana numfashi. Da mota ta tsaya ruwa ya kwanta, zafi ya taso, za ka ga sun taso sama sun miƙe tsaye, baki a buɗe. Daga nan ba a daɗewa.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da muka sha ƙasa, don in ban faɗe ta ba, ba za ku gane sauran ba.

Maman Tunde ta samu wani babban mai saye a Yola, Alhaji Bappa, mai gidan gona a bakin gari. Tafiyar awa goma ce in hanya ta yi kyau. Aka ba mu lodi. Direbobi biyu, Baba Sule da Auwalu Dogo, ni kuma a baya tare da jarkoki. Mota lafiyarta ƙalau, da hannuna na ɗaure kowane noti. Abin da ban duba ba shi ne direba.

Baba Sule ya haura hamsin, kuma duk Tarauni ban ga mai ƙafa irin tasa ba. In yana tuƙi za ka iya ɗora kofin shayi a gaban mota ya kai Wudil bai zube ba. Amma yana da al'adarsa: ba ya doguwar tafiya sai ya zaga dangi ya yi sallama. Zai fara da mahaifiyarsa, Inna, ya wuce gidan gwaggonsa, ya leƙa kawunsa, ya biya gidan surukai. Kowane gida a ajiye masa kwano, kuma babu inda zai ce ya ƙoshi. Ita Inna kuwa, shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Abinci shi ne maganarta da shi. To wa zai ture wannan kwanon? Ya kwana da tuwon gida huɗu a cikinsa, barcin ma bai samu na kirki ba. Da asuba Inna ta aiko masa da guzuri, fura da nono cike da kula, mai sanyi, ta sha sukari.

Muna wuce Birnin Kudu aka buɗe kula. Baba Sule ya sha, Auwalu ya sha, ni ma aka miƙo mini baya na sha, har na ƙara. Kafin Darazo idon Baba ya fara rufewa. Ya ce Auwalu ya karɓa, ya waiwaya ya ga Auwalu ya riga shi tafiya. Sai ya gangara gindin wata bishiya ya ce, "Minti goma." Ni da aka sa gadin kifi na ce bari in ɗan jingina da jarka. Wari ne ya tashe ni. Rana ta juya, inuwar ta bar kan motar, jarkokin nan duk sun yi fari da cikin kifi.

Ba mu ƙarasa Yola ba. Alhaji Bappa ya ce ya gode, zai nemi na wani wuri. Sauran masu gidan gona suka ji, suka ja baya. Maman Tunde ta rufe rabin tankunanta. Mu kuma aka daina kawo mana lodin abu mai rai, muka koma gyaran adaidaita sahu da canjin baƙin mai. A unguwa aka ce mota ce ta lalace a hanya, mu ma muka bar shi a haka, don ba wanda zai iya buɗe baki ya ce furar tsohuwa ce.

An fi shekara sannan Maman Tunde ta shigo gareji da rana tsaka, ta zauna a kan tsohuwar taya.

Ta ce, "Alhaji Bappa ya yarda a sake gwadawa. Sau ɗaya. Hamisu, ka ji ni da kyau, in waɗannan suka mutu na rufe tankunan gaba ɗaya, na koma garinmu. Na gaji."

Oga Hamisu ya nuna ni da sifana. "Ga wanda ya yi barci. Shi zai shirya."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Wannan? Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya?"

Na ce, "Mama, ai tafiyar ma ba ta zama ba ce."

"Uhm. Wa zai tuƙa?"

"Baba Sule da Auwalu."

Ta miƙe tsaye. "Kai Nazifi, kanka ɗaya? Su ɗin dai?"

Na ce mata ta nemo mini direban da zai bi ramukan hanyar Dukku bai watsar da rabin ruwan jarka ba, in ta samu na sallami Baba. Ita ma ta san babu. Ta ce, "Kifina ne a hannunka," ta tafi.

Kwana uku na ba motar. Ranar farko na sauke lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, na kai aka zuge cikinsa, aka fito da laka kamar ta kwata. Na canza fambel, bel ɗin da yake juya fankar inji, na jefa tsohon a ƙarƙashin kujera ya zama na ko-ta-kwana. Na canza baƙin mai da matatarsa, na goge kan batir da yashi har ya yi ƙyalli, na duba birki ƙafa huɗu, na sauke boris duka na cika su da giris. Taya kuwa ba da ido ake duba ta ba, da tafin hannu ne, ka bi gefenta a hankali, in akwai ƙari ko tsaga hannu zai faɗa maka. Guda biyu na cire, duk da mai facinmu yana rantsuwa wai za su kai Legas su dawo.

Rana ta biyu aikin ciki. Na cire kujerun baya duka, na shimfiɗa katako a ƙasa, mai kauri ta ɓangaren da salansa take bi, don zafinta yana ratsa ƙarfe ya dafa ruwa ba ka sani ba. Na jera jarkoki na cusa tsofaffin buhuna a tsakaninsu, na ɗaure su da igiya yadda za su kaɗa amma ba za su kife ba. A saman motar na ɗaura tabarmin kaba biyu da za a jiƙa. Sai tanki. Tankin bas ba ya kai ka Yola, kuma tsayawa gidan mai layi ne da ciniki da jiran canji. Na sa mai walda ya ɗaura mini ƙaramin tanki na biyu a ƙarƙashi, na ja tiyo, na sa ɗan famfo kusa da ƙafar direba. In na farko ya kusa ƙarewa, ya sunkuya ya murɗa, shi ke nan. Man da na zuba ma sai da na tace shi da farin ƙyalle.

Rana ta uku gwaji. Dokar Oga Hamisu ce, sabon kaya ba a yarda da shi sai ya je Wudil ya dawo. Mutane suna ganin sabon abu shi ne lafiya, alhali sabon ne yake kwancewa, sabon ne ake yi wa jabu. Na cika jarkoki da ruwa zalla, muka je Wudil muka dawo, ina baya ina kallon inda ruwa yake fantsama. Muna tsayawa na bi tayoyi ina dafa tsakiyar kowace da hannu. Uku ɗumi, ɗaya zafi. Na sake sauke ta, ashe na matse notin fiye da kima. Da a ce ban je Wudil ba, a dajin Dukku za ta gaya mini. Takardun mota na haɗa su a leda ɗaya na liƙa a gaban gilashi, don a shingen hanya kada a tsaya lalube. Na je wajen limamin masallacin gareji na tambaye shi zancen salla, ya ce matafiyi zai iya jinkirta azahar ya haɗa ta da la'asar in ya sauka. Na ce madalla.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ƙarfe ba ya jin haushi. Mutum ne aikin.

Ana gobe tafiya, bayan azahar, na kira direbobin ɗakina a Unguwar Gano. Na share shi, na shimfiɗa katifa biyu, na aro fanka mai caji. Na ce musu daga yanzu har asuba nan ne gidansu. Babu waya, babu fita sai salla da banɗaki. Abinci shinkafa kaɗan da magariba, da safe shayi ba madara da ɗan burodi. A hanya dabino da goro da ruwa kurɓi-kurɓi. Ba wake, ba tuwo, ba maganin mura, kuma wanda yake haɗiyar ƙwaya don ido ya bushe ya faɗa tun yanzu in nemi wani.

Auwalu ya tuntsire da dariya ya faɗa kan katifa. "Wato lalle za ka sa mu kamar amare? To ni dai a kunna mini fanka."

Baba Sule bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai yaro, na fara tuƙi ba a haife ka ba."

"Haka ne, Baba."

"Ban taɓa fita garin nan ban je na durƙusa gaban mahaifiyata ba. Kai ne za ka hana ni?"

"Baba, in ka je gidan Inna za ka ci. In ka ci na Inna, sai ka je gidan Gwaggo don kada ta ji labari ta yi fushi."

"To a nemi wani direban." Ya ɗauki hularsa.

Na ce, "Ka ba ni awa ɗaya, don Allah. In na dawo ba ka gamsu ba, ka tafi, ba zan tare ka ba."

Ya koma ya zauna a bakin katifa. Na fita a guje.

Na tarar da Inna a tsakar gida, ga ƙwarya a gabanta, ga dunƙulen fura, ana shirin guzurin gobe. Da ni da ita akwai wasan jika da kaka, don tun ina ƙarami nake shiga gidan.

Ta ce, "Wa nake gani kamar maigidana? Ka zo da cefane, ko yau ma hannu rabbana?"

"Amarya, cefane sai na dawo daga Yola."

"Kullum haka kake cewa. Zan kai ƙararka."

Na durƙusa na ce mata magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗi ba ce. Na faɗa mata komai, tun daga tuwon gida huɗu har gindin bishiyar Darazo. Ban rage ba. Ta ajiye ludayin a hankali.

"Ba mota ce ta lalace ba?"

"Mota lafiyarta ƙalau, Inna."

"Wato furata ce ta kashe wa baiwar Allahn nan kifi."

"Fura ba ta da laifi. Ni ma na sha, har na ƙara."

"Kai rufe mini baki, makwaɗaici." Sannan ta ce, "Shi ya sa mutumin naku in aka ambaci Yola sai ya tashi ya fita. Shekara guda kuna kallona ina dama fura, an rasa mai faɗa mini. Me kake so yanzu?"

Na ce so nake ta yafe masa zuwa, ta aika masa da albarka ta bakina.

"Ta bakinka? Albarkar tawa ce za ta bi ta bakin da ya sha fura ya yi barci? Ɗauko mini tabarma da buta. Kira adaidaita."

Da Baba Sule ya ga mahaifiyarsa a ƙofar ɗakina, hular hannunsa ta faɗi. Ya zube ƙasa yana gaisuwa. Ita kuwa ko kallon inda yake ba ta yi ba, ni ta kalla.

"Faɗa wa mutumin naku na yafe masa yawon sallama, nawa da na dangi duka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya tsare dukiyar mutane. Karɓo wayarsa ka ba ni. Da ta dogon nan."

Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta zauna, ta ciro carbi. Wallahi ban taɓa samun mai gadi irinta ba. Ƙanwar Baba Sule ta zo da kular tuwo daga gidan Gwaggo, Inna ta karɓa ta miƙa wa maƙwabtana. Wani abokinsa ya zo wai su leƙa gaisuwar suna nan kusa, ta ce masa, "Ba ya nan." Ya ce, "Inna, ga takalminsa." Ta ce, "To gaisa da takalmin." Auwalu yana ciki yana dariya har da tari, ta buga ƙofa da ludayin da ta taho da shi ta ce in ta sake jin motsi za ta shigo. Sai da aka yi isha'i ta tabbatar sun kwanta sannan ta yarda na mayar da ita gida.

Muna idar da sallar asuba muka yi lodi a Daurawa. Maman Tunde da kanta take ɗibar kifin da rariya tana zubawa, bakinta yana motsi da addu'a. Na jiƙa tabarmin sama, na ajiye jarka biyu ta ruwan rijiyarta da ƙanƙara a ciki, na shige baya da kofi a hannu. Baba Sule ya tayar da mota. Tun da ya tashi bai yi mini magana ba, gaisuwata ma da kai ya amsa. Ban damu ba, idonsa nake kallo, kuma idon fari tas.

Wudil, Birnin Kudu, Darazo. Da muka zo daidai bishiyar nan ba wanda ya juya kansa. Canjin direba a shingen hanya muke yinsa, don nan ne dole a tsaya: jami'i yana duba takarda, yana leƙa jarka yana mamaki, su kuma sun zagaya sun canza kujera, inji bai mutu ba. Auwalu ya karɓa kafin Dukku, ya ratsa Gombe, Baba ya sake karɓa a wajen Kaltungo. Can ya sunkuya ya murɗa famfon tanki na biyu, motar ko tari ba ta yi ba. Ni ina baya ina bin jarkoki ɗaya bayan ɗaya, in tsoma yatsa, wadda ta fara ɗumi in rage mata in ƙara mai sanyi.

Wajen ƙarfe biyu, rana tana tsakiyar dukanta, mun kusa Numan, sai ga layin motoci. Tirela ce ta kife a bakin wata 'yar gada ta tare hanya gaba ɗaya. Dama rami, hagu rami. Baya kuma kafin mu yi tunani motoci sun toshe. Muka tsaya.

Ruwa ya kwanta. Na fara ɗiba da kofi ina zubawa daga sama, amma hannu biyu ne da ni, jarkoki kuwa sun cika mota. Ina kan ta uku na ga kifin jarkokin can ƙarshe sun fara tasowa, sun miƙe tsaye, baki a buɗe. Na san wannan tsayuwar.

Sai na ji an ce, "Nazifi." Baba Sule ne, maganarsa ta farko gare ni tun jiya. "Zauna a ciki ka ci gaba da ruwan sanyi. Auwalu, sauko. Kama can, in kama nan."

Suka dafa motar, ɗaya dama ɗaya hagu, suka fara jijjiga ta. Wannan ya tura, wancan ya mayar. Motar ta fara rangaji a kan sifirin, ruwan jarkoki ya fara kaɗawa, facal, facal. Mutanen da suka fito shan iska suka zagaye mu.

Wani direban tanka ya ce, "Malam lafiya? Aljanu ne a motar?"

Baba yana haki ya ce, "Kifi ne. In ruwan ya kwanta sun mutu."

Mutumin ya leƙo ta taga, ya ga 'yan abubuwan nan, ya ce, "Kai! 'Yan jarirai ne ma." Ya tuɓe riga ya kama. Wani fasto da ya fito daga motar haya ya naɗe hannun rigarsa ya kama. Wasu Fulani uku masu zuwa kasuwa suka jingine sandunansu suka kama. Wata mata mai sayar da gyaɗa ta tsaya tana ba da umarni kamar ita ce mai kayan: "A hankali mana, za ku kifar! Kai mai jar hula, turawa ake yi, ba shafawa ba!" In wasu suka gaji wasu su karɓa. Baba Sule da Auwalu kuwa ba su saki ba ko sau ɗaya. Mutumin da ya kwana da tuwon gida huɗu ba zai yi minti biyar a wannan ranar ba. Ni ina ciki ina tangaɗi, kaina yana bugun rufi, ina zuba ruwan ƙanƙara, ina kallon kifin suna komawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Kusan awa guda muka yi a haka. Da aka ja tirelar gefe aka buɗe hannu ɗaya, direban tankar nan ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu yana ihu, "Masu kifi tukuna! A ba masu kifi hanya!" Motocin gabanmu suka rakuɓe, muka wuce ana buga mana oda kamar motar ango.

La'asar ta ɗan gota muka shiga gidan gonar Alhaji Bappa. Yana tsaye a bakin tafkinsa, hannu a baya, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Ya ce an gaya masa hanya ta toshe, ya riga ya cire rai. Na ce, "Alhaji, a kawo rariya." Muka sauke jarkar farko, na karkata ta a bakin ruwa. Kifin suka fita kamar an watsa baƙar tsakuwa, kowanne ya kama gabansa. Ta biyu haka. Ta uku haka. Alhaji ya tattare babbar riga ya tsuguna, shi da kansa yake tsince waɗanda suka mutu yana ajiyewa a murfin bokiti. Da aka juye ta ƙarshe ya kalli murfin, ya kalle ni. Ba su cika tafin hannuna ba.

Baba Sule da Auwalu suna can gefe suna alwala, rigunansu sharkaf da gumi. Alhaji ya ciro waya ya kira Maman Tunde, ya buɗe muryar, kowa yana ji.

"Madam, kayanki sun iso."

Ta ce, "Nawa suka rage?"

"Ki tambayi nawa suka mutu, shi ya fi saurin ƙirguwa."

Ihun da ta yi sai da Alhaji ya janye wayar daga kunnensa. Ta yi Yarabanci, ta yi Hausa, ta kira sunan Allah ta kowane yare da ta iya. Da ta lafa ya ce mata akwai maƙwabtansa biyu da suke nema su ma, wata mai zuwa mota biyu yake so, rana ɗaya.

Ta ce, "Kifi akwai, gobe zan wanke tankunan da na rufe. Zancen mota kuma ba ni za ka tambaya ba. Ga mai shirya tafiyar nan a gabanka."

Alhaji Bappa ya juyo. "Malam Nazifi, mota biyu. Za ka iya?"

A ranar mota ɗaya gare mu, direba biyu, ɗaki ɗaya, katifa biyu. Na goge hannuna a wando na ce, "Alhaji, wace rana?"